Waiwaye: Tun Ranar da Aka Jingine Risho

Duk majalisar da ka zauna a Gombe kwanan nan, daga Jekadafari har Tudun Wada, da wuya a tashi ba a taɓo tsadar gas ɗin girki ba. Wasu su ce cire tallafin fetur ne a Mayun 2023, wasu su ce faɗuwar naira ce. Kowa da gaskiyarsa, sai dai hadarin ya daɗe yana haɗuwa kafin a ji saukar ruwan.

Tarihin farko sananne ne. An samu mai a Oloibiri da ke yankin Neja Delta a 1956, aka shafe shekaru ana ƙone gas ɗin da ke fitowa tare da shi. A 2007 aka fara ware wa kasuwar cikin gida wani kaso na gas ɗin girki daga kamfanin sarrafa gas na tsibirin Bonny a jihar Ribas. A 2021 kuwa, tukunya mai kilo 12.5 da ake cikawa a wajen naira 4,000 ta ninka kuɗi kafin shekara ta ƙare.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne Janairun 2016, lokacin da aka janye tallafin kananzir, lita ta tashi daga naira 50 zuwa 83 a hukumance. Ba a yi wani kuka ba, domin dama ba kowa ke samunsa a hamsin ɗin ba sai a hannun 'yan bumburutu. Amma daga nan farashinsa ya koma hannun kasuwa, kafin ƙarshen 2022 lita ta haura naira dubu.

Kananzir shi ne tudun mun tsira na mai ƙaramin ƙarfi. Amarya ba ta tarewa sai da risho a kayan ɗaki. Ɗalibi, gwauro, ma'aikacin da ke ɗakin haya, kowa da kwalbarsa. In itace ya jiƙe da damina a kunna risho, in gas ya ƙare wa mai hali a tsakiyar tuwo a sauko da shi daga kan kabad. Mai sayar da gas ya san kana da wurin gudu, dole ya lallaɓa ka. Da kananzir ya fi ƙarfin aljihu, sai mutane suka yi ɗango zuwa 'yar tukunya mai kilo 3 ko 6, wadda ake ɗora murhu a kanta. An shigo gas ne ba don an ga araha ba, ƙofar baya ce ta rufe. Gawayi ma ba mafaka ba ne yanzu, duk wanda ya sayi buhu bana zai ba da labari.

Daga nan ne salon biyan kuɗin ya sauya. Ba mu da bututu ko mita a gida, ballantana takardar wata. Tanka ce ke ɗauko gas daga bakin teku, tafiyar fiye da kilomita dubu, kuɗin dizal ɗinta kuma a kan kowane kilo yake sauka. Mai cika babbar tukunya a babban gidan gas ya fi samun sauƙi, mai sayen rabin kilo a shagon unguwa shi ke biyan ribar hannu biyu ko uku. Ga kuma rikicin kilo da lita: kilo ɗaya ya kusa lita biyu, don haka in famfo na ƙirga lita kai kana zaton kilo ne, rabin abin da ka biya ka ɗauko. Shi ya sa masu wayo ke cewa a ɗora tukunyar a sikeli tana wofi, a sake ɗorawa bayan an cika.

Shekaranjiya wata dattijuwa ke gabana a layi, ta miƙa kuɗin da ta ƙulle a bakin mayafi.

"Ɗana, zuba min na dubu ɗaya."

"Mama, ba zai kai ki jibi ba fa."

"Na sani. Zuba dai, miya na bari a kan wuta ta mutu."