Mutum 1,000 sun isa a san halin Kano?

Da zarar an fitar da sakamakon jin ra'ayin jama'a, sai ka ji a majalisa ana cewa: "Mutum dubu kacal? Kano fa miliyoyi ne!" Wannan fahimta ta daɗe, kuma kuskure ce.

A Dawanau, mai sayen gero ba ya zazzage buhu. Kaɗan yake ɗiba ya duba, muddin sama da ƙasan buhun ɗaya ne. Haka jin ra'ayin jama'a yake. A ce an zaɓo magidanta 1,000 ta hanyar ƙuri'a, 540 suka ce ruwan 'yan garuwa suke saye. Kashi 54 ke nan, da tazarar kusan kashi 3 sama ko ƙasa, wato tsakanin 51 da 57, bisa tabbacin kashi 95 cikin 100 (in aka maimaita binciken sau 100, kusan sau 95 ainihin kason garin zai faɗo cikin tazarar da aka samu). Ko garin yana da mutum miliyan 1 ko miliyan 10, tazarar kusan ɗaya ce. Mai son rage ta zuwa rabi sai ya tambayi 4,000.

Inda ya kamata a sa ido shi ne yadda aka zaɓo mutanen. A 1936, mujallar Literary Digest ta Amurka ta tara amsoshi sama da miliyan 2, ta ce ɗan takara Landon zai ci zaɓen shugaban ƙasa, amma abokin hamayyarsa Roosevelt ya lashe. In 'yan Kantin Kwari kaɗai ka tambaya, komai yawansu, ba ka ji ta bakin Kurna da Ɗorayi ba.