Kafin a sa wa makarantar ƙauye kwaɗo: fashin baƙin dokar rufe ƙananan firamare a Sikotlan

A tsibiran Shetland da Okni, da ƙauyukan da ke maƙale a tsaunukan arewacin Sikotlan, kana iya tarar da makarantar firamare mai yara goma, ko biyar, wani lokaci ma ƙasa da haka. Wanda ya saba ganin aji cike maƙil har wasu yara na zaune a ƙasa zai ji abin kamar almara, amma can matsalar a juye take. Haihuwa ta ragu, matasa suna tafiya birane neman aiki, gidajen ƙauye da yawa kuma an mai da su masaukin masu zuwa hutu, har ma'aurata masu ƙananan yara kan rasa inda za su zauna. Ga gini, ga malami, yara ne babu.

Ƙananan hukumomi 32 ne ke riƙe da makarantun gwamnati a ƙasar. Ko yara goma ne ko ɗari, sai an ɗumama ginin a lokacin sanyi, an gyara rufi, an biya shugaban makaranta da mai dafa abinci da mai shara. Shi ya sa duk lokacin da aljihun hukuma ya yi zafi, ido kan koma kan ƙananan makarantu: a rufe wannan, a kwashe yaran a mota zuwa waccan, ko a haɗe uku wuri guda. Dokar Tuntuɓa kan Makarantu ta 2010, wadda majalisar Sikotlan ta yi wa gyara mai yawa a 2014, ita ce ta shimfiɗa yadda za a yi hakan. Ba ta hana rufewa ba. Abin da ta yi shi ne ɗora wa ƙaramar hukuma nauyin kawo hujja, kuma idan makarantar ta karkara ce, nauyin ya fi yawa.

Gyaran 2014 yana da tarihi. Bayan dokar ta fara aiki a 2010, rigima ta yi ta tashi tsakanin ƙananan hukumomi da iyaye da ministoci, har ta kai ga kotu. A 2011 ministan ilimi na lokacin, Michael Russell, ya nemi a dakatar da rufe makarantun karkara, aka kafa hukumar bincike ƙarƙashin alƙali David Sutherland, wadda ta miƙa rahotonta a 2013 da shawarwari 38. Ɗaya daga ciki ta ce ya isa a nuna rufewar ba za ta cutar da karatun yara ba. Gwamnati ta ƙi wannan, ta tsaya a kan cewa sai an nuna amfanin da yaran za su samu. Wannan tsayuwa ita ce ƙashin bayan dokar har yau, kuma a ganinmu daidai ce, domin da an sassauta, da lissafin kuɗi kaɗai ya isa ya rufe kowace ƙaramar makaranta.

Wace makaranta ce ta karkara? Ba a bar wa kowa ya yi hasashe ba. Ministoci suna riƙe da jerin sunayensu, bisa ma'aunin da gwamnati ke amfani da shi: garin da mutanensa ba su kai 3,000 ba karkara ne. Daga nan ana duba nisan tuƙi zuwa gari mai mutum 10,000 ko fiye. Wanda bai wuce minti 30 ba karkara ce ta kusa, daga minti 30 zuwa 60 mai nisa, abin da ya haura awa guda kuma mai nisa ƙwarai. Abu na farko da iyaye za su yi idan suka ji ƙishin-ƙishin ɗin rufewa shi ne su duba ko sunan makarantarsu na cikin jerin, saboda shi ke buɗe ƙarin kariyar.

Ƙarin kariyar tana farawa tun kafin a fito da maganar fili. Dole hukuma ta fayyace dalilinta na son rufewa, sannan ta nemo wasu hanyoyi masu ma'ana da za su iya magance dalilin. Idan ƙarancin yara ne, shin faɗaɗa yankin da makarantar ke ɗibar ɗalibai zai taimaka? Idan albashi ne, shin shugaba guda zai iya riƙe makarantu biyu, kamar yadda ake yi a wurare da dama? Ɗakunan da babu kowa, za a iya mai da su wurin renon yara ko ɗakin karatun jama'a? Kowace hanya, har da rufewar kanta, sai an auna ta da ma'auni uku: amfaninta ga karatu, tasirinta ga al'ummar wurin, da abin da sabuwar tafiya za ta jawo. Sai idan rufewar ce ta fito a matsayin mafi dacewa cikin duka, sannan hukuma ke da damar ci gaba. Haka kuma dole ta faɗi matakan da ta ɗauka a baya don ceto makarantar, in ba ta ɗauki ko ɗaya ba ta faɗi dalili.

Ma'aunin tafiya ya cancanci a tsaya a kansa, domin nan ne takarda ta fi yaudarar mai karanta ta. Yara a Sikotlan kan shiga aji ɗaya suna tsakanin shekara huɗu da rabi zuwa biyar da rabi. A watan Disamba, a arewacin ƙasar, rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe tara na safe, kuma kafin ƙarfe huɗu na yamma ta faɗi. A ɗauka makarantar da za a kai yara tana da nisan kilomita 15. A taswira tafiyar minti 20 ce. Amma motar makaranta ba ta bin hanya sak, tana shiga gona-gona tana ɗaukar yara ɗaya bayan ɗaya, a kan titi mai layi guda inda sai an raɓe wa mai zuwa, ga ƙanƙara. Yaron da aka fara ɗauka yana iya yin kusan awa a zaune, ya fita cikin duhu ya dawo cikin duhu, ba babba a kusa da shi sai direba. Idan zazzaɓi ya kama shi da rana, uwar da ba ta da mota yaya za ta je? Wasannin bayan tashi kuma sun wuce shi, tunda mota ba ta jira. Dokar ilimi ta 1980 ta ƙayyade nisan da ake ganin yaro zai iya takawa da ƙafa: mil 2 ga wanda bai kai shekara takwas ba, mil 3 ga wanda ya kai. Yawancin rufewar karkara na wuce wannan, ke nan kuɗin mota ya hau kan hukuma kowace shekara, kuma dole a cire shi daga ribar da ake cewa za a samu.

Ma'aunin al'umma kuwa abu biyu doka ta ambata: ɗorewar garin, da amfanin da jama'a ke yi da ginin. A ƙauyen da shago da gidan waya suka riga suka rufe, zauren makaranta ne wurin taro, wurin zaɓe, wurin biki. Mai ƙananan yara da ke neman inda zai zauna kuma, tambayarsa ta farko ita ce ko akwai makaranta.

Sai dai a yi wa ɗaya ɓangaren adalci. Yarinyar da ita kaɗai ce a shekarunta tsawon shekara bakwai na firamare ta rasa abokan wasa da na gasa, kuma shiga babbar sakandare daga baya na iya yi mata nauyi. Malami guda da ke koyar da ɗan aji ɗaya da ɗan aji bakwai a ɗaki guda, aikinsa ba ƙarami ba ne. Akwai inda haɗewar ta fi alheri, kuma akwai iyayen da su da kansu suke kwashe 'ya'yansu. Doka ta san da wannan. Abin da take nema shi ne a rubuta amfanin dalla-dalla game da waɗannan yaran da wannan makarantar, kada a kwafo zancen da za a iya liƙa wa kowace makaranta.

Idan hukuma ta kammala matakin auna hanyoyin nan, sai ta buga takardar ƙuduri. A ciki akwai bayanin amfanin ilimi, da lissafin kuɗi, da hanyoyin da aka duba aka ajiye. Za a aika sanarwa ga majalisar iyaye, da iyayen ɗalibai, da iyayen yaran da ake sa ran za su shiga cikin shekara biyu masu zuwa, da ma'aikata da ƙungiyoyinsu, da majalisar unguwa. Ɗaliban kansu ana jin ta bakinsu gwargwadon shekarunsu. Idan ana koyarwa da harshen Gelik, sai an tuntuɓi hukumar kula da harshen, idan makarantar ta wata ɗarika ce ta Kirista, sai an tuntuɓi cocin. Lokacin jin ra'ayi bai gaza mako shida ba, kuma dole a samu ranakun makaranta 30 a cikinsa. An sa wannan ne don kada a cusa maganar cikin dogon hutu, lokacin da iyaye suka watse. A cikin wannan lokaci ne ake yin taron jama'a, jami'an hukuma su zo su amsa tambayoyi ido da ido.

Akwai makamai biyu a hannun iyaye a nan da sau da yawa ba a amfani da su. Na farko, duk wanda ya ga kuskure a takardar, ko ya lura an ɓoye wani bayani, yana iya sanar da hukuma a rubuce, kuma wajibi ne ta bincika ta ba shi amsa da dalili. Idan kuskuren ya shafi abu mai muhimmanci, sai ta gyara, kuma tana iya ƙara wa'adin. Kurakuran da aka fi samu su ne hasashen yawan yara da bai lissafa jarirai ko sababbin gidaje ba, da ƙiyasin kujerun makaranta da aka kumbura don ta zama kamar kango, da lokacin tafiya da aka auna da ƙaramar mota a rana mai kyau. Na biyu, kowa na iya kawo tasa mafitar a rubuce, kuma idan mai ma'ana ce dole hukuma ta auna ta da ma'aunan nan uku. Kuka a wurin taro yana taɓa zuciya, amma abin da aka rubuta shi ne doka ke tilasta a amsa.

Bayan rufe jin ra'ayi, sufetocin makarantu na gwamnati suna da mako uku su rubuta rahotonsu mai zaman kansa kan ɓangaren karatu. Hukuma ta haɗa komai ta fitar da rahoton tuntuɓa, ta jira mako uku, sannan kansiloli su yanke hukunci.

Ko sun ce a rufe, magana ba ta ƙare ba. Cikin ranakun aiki shida za a sanar da ministoci, su kuma suna da mako takwas su duba ko za su karɓe batun. Mako ukun farko ne kawai jama'a ke da damar aika koke, wanda ya makara ya rasa. Dalilan karɓewa biyu ne: ana ganin hukuma ta saɓa wa doka ta hanya mai girma, ko ta ƙi yin la'akari da wani abu mai muhimmanci. Don haka koken da ya ce "muna son makarantarmu" ba ya kai ko'ina. Wanda ya ce an kawo shawarar shugaba guda ga makarantu biyu a rana kaza amma rahoto bai auna ta ba, shi ne ke da ƙafa. Tun daga gyaran 2014, ministoci ba sa yanke hukuncin ƙarshe da kansu. Suna miƙa batun ga kwamitin bita mai mutum uku, mai zaman kansa, wanda ke da mako takwas, ana iya ƙara masa zuwa 16. Kwamitin na iya amincewa, ko amincewa da sharuɗɗa, ko ƙi, ko mayar wa hukuma ta sake dubawa. Hukuma ko wani daga cikin waɗanda doka ta ce a tuntuɓa, idan bai gamsu ba, yana da kwana 14 ya ɗaukaka ƙara gaban alƙalin yanki, a kan batun doka kaɗai. Idan aka tara waɗannan wa'adai ba tare da kwamiti ba, sun kai mako 20, ban da watannin shiri.

Makarantar da ta tsira tana samun hutun shekara biyar: ba za a sake kawo ƙudurin rufe ta ba sai in yanayinta ya canza sosai. An sa wannan ne saboda barazana ita kanta tana kashe makaranta. Iyaye na jin za a rufe sai su fara kai yara wani wuri, malamai su nemi canji, adadi ya ƙara faɗuwa, hujjar rufewa ta ƙara ƙarfi.

Haɗe makarantu ba shi da wata hanya ta daban. Duk makarantar da za ta daina aiki a cikin haɗewar, a idon doka rufe ta aka yi, ko da an raɗa wa sabuwar suna mai haɗe da nata, kuma sai an bi duk matakan nan a kanta.

Inda dokar ta bar ƙofa a buɗe shi ne jingine makaranta. Wannan yana nufin a dakatar da karatu na ɗan lokaci, a kai yaran wani wuri, a ci gaba da kula da ginin da niyyar buɗewa idan yara suka samu. Asalin niyyar mai kyau ce, musamman a tsibirin da iyali guda mai yara uku ya isa ya farfaɗo da makaranta. Amma jinginewa ba ta cikin dokar, tana cikin takardar jagora ce kawai, don haka babu mako shida, babu rahoton sufetoci, babu koke ga ministoci. Jagorar ta ce a riƙa sake duba matsayin aƙalla sau ɗaya a shekara, kada ya wuce shekara uku sai a wuri mai nisa ƙwarai, kuma idan yawancin iyaye ba su yarda ba, a tafi ga cikakkiyar tuntuɓa. Matsalar ita ce bayan shekara uku yaran sun saba da sabuwar makaranta, ƙannensu sun bi su, majalisar iyaye ta watse. Ranar da aka kawo ƙudurin rufewa na dindindin, adadin ɗalibai sifili ne, kuma kujerun taron jama'a kusan babu kowa. Iyayen da aka zo wa da maganar jinginewa ya kamata su nemi abu uku a rubuce kafin su amince: yawan yaran da zai sa a sake buɗewa, ranar da za a yi bitar shekara, da wanda zai riƙa ɗumama ginin da gyara rufinsa a tsakani.