Abin da ke sa gorar zoɓo kumbura tun kafin la'asar

Ƴan uwa mata masu haɗa zoɓo da lemun tsamiya, na Birni da na Zango da masu kaiwa Kasuwar Dole a nan Damagaram: in gora ta yi tauri, aka buɗe ta taso da kumfa, ga wari irin na ƙullun da ya kwana, to yis ya shiga. Dangin wanda masu burodi ke sa wa fulawa ne, sai dai shi wannan a hannu yake zama, da rariya, da bakin tsohuwar gora.

Abincinsa sukari. Yana da wani sinadari, anzim, da ke tsinka sukarin, sannan ya mai da shi iska da barasa. Iskar ce ke kumbura gora. In ya samu ɗumi, kowace awa 2 yawansa kan ninka, wato cikin awa 10 ɗaya ya zama 32. Tsamin zoɓo yana danne ƙwayoyin cuta da dama, amma bai dami yis ba.

Inda ake yin kuskure shi ne bayan saukewa. An tafasa zoɓo, yis ɗin da ke ciki ya mutu, sai a tace da rariyar jiya, a sirka da ruwan randa, a zuba sukari, a jefa ƙanƙara. Tafasar ta tashi a banza ke nan. Ku tace tukuna, ku zuba dukan ruwan da sukari da citta da kanumfari, ku mayar kan wuta ya yi minti 10 yana tafasa. A bar shi a rufe ya huce, don gorar roba ba ta jure tafasasshen ruwa. Kanumfari yana rage wa yis ƙarfi, amma ba ya maye gurbin wuta.

Gora kuwa, a wanke da sabulu har cikin zaren murfi, nan tsohon zaƙi ke maƙalewa, a kife ta bushe sarai. Ƙanƙara ta tsaya a wajen gora, cikin kula.

Firigo ba ya kashe yis, kwantar da shi yake yi. Wuta na ɗaukewa, a zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40, zai ci gaba da aikinsa. Don Allah ku riƙa dafa na yini guda. Wanda ya riga ya yi kumfa a zubar, kada a ƙara masa sukari, kada a juye shi cikin sabo.