Masu Zanga-zangar Siyatil Ba Ciniki Suka Ƙi Ba

Har yau ana cewa waɗanda suka cika titunan birnin Siyatil na Amurka a ƙarshen Nuwamba 1999, suka dagula taron Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, WTO, so suke kowace ƙasa ta rufe ƙofarta. Ga akasarinsu, ba haka zancen yake ba. Ƙungiyoyin ƙwadago ne da manoma da masu kare muhalli, kuma tambayarsu ita ce: wa ke rubuta ƙa'idojin kasuwar, don amfanin wa?

A duba auduga. A lokacin, ana matsa wa ƙasashe matalauta su janye tallafi, alhali Amurka na zuba wa manoman audugarta kuɗi har farashi ya karye a duniya. Shi ya sa Benin da Burkina Faso da Mali da Chadi suka kai kuka taron WTO na birnin Kankun a ƙasar Meziko a 2003. Manomin da ya yini yana tsinkar kaɗa a rana ba ya ƙin mai saye. Tauye masa mudu da ake yi ne ke ci masa rai. Haka yarjejeniyar TRIPS ta WTO kan haƙƙin mallakar fasaha, wadda manyan kamfanonin magunguna suka yi ruwa suka yi tsaki a kanta, ta ba su kariyar shekara 20 daga masu kwaikwayon magungunansu, a lokacin da maganin ƙanjamau ya gagari talakan Afirka.

A cikin zauren Siyatil ma an yi bore, abin da aka fi mantawa ke nan. Wakilan Afirka da na Karibiyan sun fusata don an bar su a waje, manyan ƙasashe na ƙulla magana a ɗaki. Taron ya watse ba a cimma matsaya ba.