Waiwaye: daga tukunyar yumɓu zuwa farantin tangaran

Tangaran ɗin da ake jerawa a kabad ɗin amarya a Birnin Kabi ko Argungu baƙo ne. Asalinsa ƙasar Sin, musamman garin Jingdezhen, kuma Turawa ba su gano haɗinsa ba sai wajen 1708 a Jamus, aka buɗe masana'antar Meissen a 1710.

Maginanmu ba su gaza gwaninta ba, wuta ce ta raba su da tangaran. Randa da tulu da kasko ana gasa su ne a fili da kara da itace da kashin shanu, zafin bai cika wuce digiri 900 ba. Tangaran kuwa sai ya kai 1,250 ko fiye, a rufaffen tanderu. Jan yumɓun fadama ma ba ya jurewa, ƙarfen da ke cikinsa kan sa ya kumbura ya narke.

Sauyi ya fara ne a farkon shekarun 1950, lokacin da Michael Cardew, wani maginin tukwane ɗan Ingila, ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a Abuja ta da, wato Suleja. Can Ladi Kwali, wadda hotonta ke jikin naira 20, ta shiga a 1954 ta koyi gini a kan faifai mai juyawa. Kayan cibiyar ba tangaran ba ne, amma sun sha wuta mai tsanani, ba sa tsatsar ruwa. Har yau ta wannan matakin na gini a kan faifai da gashi da wuta mai tsanani mai neman sana'ar tangaran ke bi, ko a wurin gwani ko a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya.

Haɗin tangaran da aka saba shi ne rabi farin yumɓun kawolin, irin wanda ake samu a Kaoje ta jihar Kabi, kwata garin dutsen felsfa, kwata garin ƙanƙarar dutse. Sai an jiƙa, an tace, an cuɗa sosai. Haɗin ba shi da danƙo sosai, shi ya sa ake ƙara bentonait, wani yumɓu mai danƙo, kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari.

Asarar ta fi yawa wajen bushewa da gashi. Iskar hunturu kan busar da bakin kofi kafin gindinsa, sai ya tsage, don haka a lulluɓe da leda. Abin da bai bushe sarai ba yakan fashe a gashin farko. Bayan an tsoma shi a ruwan ƙyalli, wanda ke narkewa ya zama kamar gilashi a gashi na biyu, a goge gindin tas, in ba haka ba ya manne da kantar tanderu. Kuma tangaran yana tsukewa da kusan kashi 13 cikin ɗari, saboda haka buta da murfinta tare ake gina su, tare ake gasa su.