Fiffike, lagireto da zafin injin: amsoshi ga masu gyaran motar gudu

Tambayoyin nan su ne dai ake ta maimaitawa. Duk wanda ya sayi mota mai ƙarfi, ko ya ƙara wa injinsa turbo, na'urar da ke cusa wa injin ƙarin iska, sai ya zo da su ɗaya bayan ɗaya. Ga amsoshin a wuri guda. A karanta kafin a ɗauki zarto a yanka bamba.

Tambaya: In cire tamostat ko motar ta daina zafi?

Amsa: A'a. Kada ka cire, ko da bakanike ya ce maka don ƙasar sanyi aka yi shi. A yawancin motoci tamostat, wato bawul ɗin da ke tare ruwa kada ya je lagireto sai injin ya ɗumama, yana buɗewa ne tsakanin digiri 82 da 95, kuma da zarar ya buɗe gaba ɗaya ya gama nasa aikin, saura na lagireto ne. Motar da ke tafasa da lafiyayyen tamostat za ta tafasa ko babu shi, jinkiri kawai za ta ɗan yi. Abin da za ka samu shi ne injin da ba ya ɗumi da safe, kwamfutar mota tana ta ƙara masa fetur, fetur ɗin yana wanke man da ke bangon silinda, ring yana ci. A wasu injina ma tamostat ne ke toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke zagayawa cikin injin, idan babu shi sai ruwan zafi ya riƙa komawa ciki bai bi ta lagireto ba. In kana zarginsa, jefa shi a tukunyar ruwa kan wuta ka ga ko zai buɗe. Bai buɗe ba, sayi sabo.

Tambaya: Fiffike zai ƙara mini gudu?

Amsa: Rage shi zai yi. Aikin fiffiken da ake ɗorawa a bayan mota danne ta ne a ƙasa don tayoyi su kama titi a kwana, kuma iska tana karɓar ladanta ta hanyar ja da motar baya.

Tambaya: To nawa yake dannewa?

Amsa: Yi lissafi da kanka. Ƙarfin iska yana tafiya ne da gudu sau gudu: ka ninka gudu biyu, ƙarfin ya ninka huɗu. Fiffike mai tsawon mita 1.4 da faɗin santimita 25, mai siffa ta gaskiya, a iska mai tsabta, zai ba da kusan kilo 9 a gudun kilomita 60 a awa, kilo 25 a 100, kilo 100 a 200. Kilo 9 bai kai jarkar ruwa ba, don haka a cikin gari ado ne kawai. Porsche 911 GT3 RS da ta fito a 2022 tana samun kilo 409 a gudun 200 da kilo 860 a 285, amma wannan aikin motar ne gaba ɗayanta, daga hanci har ƙarƙashi, ba na fiffike shi kaɗai ba. Sannan kilo 100 ba abin ɗorawa kan murfin but da noti huɗu ba ne, ƙarfen zai lanƙwashe. A sa ƙarfe ta ciki da zai kai nauyin ga gangar motar.

Tambaya: Ruwa zalla ko kulan, wato ruwan sanyaya injin mai launi?

Amsa: Ruwa ya fi ɗaukar zafi, gaskiya ne, amma yana cin alminiyam da famfon ruwa. A ƙasar da ba a ƙanƙara, kashi 30 zuwa 40 cikin 100 na kulan ya isa, sauran tataccen ruwa irin na batir. Ban da ruwan rijiya ko na burtsatse, gishirinsa ne ke toshe siraran bututun lagireto. Kada a gauraya kulan iri biyu don launinsu ya yi kama. Filayen tsere da yawa sun hana kulan saboda santsinsa idan ya zube, a can ruwa ake sawa da maganin tsatsa.

Tambaya: Na sa babban intakula, mai sanyaya iskar turbo, a gaba da sabuwar bamba. A cikin gari lafiya lau, amma in na taka a doguwar hanya sai zafi ya hau. In sayi babban lagireto ne ko in huda bonet?

Amsa: Wannan ce tambayar da ta cancanci zama, kuma amsarta ta danganta da abubuwa da dama, don haka a bi ni a hankali.

Da farko a kawar da cutar da ba ta iska ba. Gasket ɗin kan injin da ya fara sakin hayaƙi cikin ruwa yana kawo wannan alama daidai: lafiya a cikin gari, zafi idan an taka. Haka tiyon ƙasa da ya yi laushi yana shaƙewa idan injin ya ɗau juyi, haka famfon ruwa da haƙoransa suka cinye, haka iskar da ta maƙale bayan an canza ruwa. In an ƙara wa turbo matsi ba a daidaita fetur da lokacin wuta ba, shi ma zai dafa injin. A duba waɗannan tukuna. In duk lafiya suke, to mai yiwuwa matsalar iska ce.

Abin da mutane suka kasa ganewa shi ne iska ba ta ratsa lagireto don kawai ta bugo shi. Tana ratsawa ne idan matsin da ke gabansa ya fi na bayansa. Lagireto shinge ne mai ƙananan ƙofofi, iska kuwa kamar ruwa take, inda ya fi sauƙi take bi. Duk tazarar da ka bari a gefe, ko sama, ko ƙasa, ta nan za ta zille, kuma ba tafiya kawai za ta yi ba, za ta cika ɗakin injin ta ɗaga matsin bayan lagireto, ta toshe wa sauran iskar hanya. Yawancin masu canza bamba suna jefar da baƙaƙen robobin da kamfani ya sa a gefen lagireto, da farantin roba na ƙarƙashin injin, wai ba su da amfani. Su ne ke tilasta wa iska bin lagireto.

Ga kuma abin da ka jera a gaba. Iskar da turbo ya matsa zuwa ba 1, ba ɗin ma'aunin matsi ne, tana fitowa da zafin digiri 120 zuwa 135, intakula ya juye wannan zafin cikin iskar da ke wucewa, kwandensan esi ya ƙara nasa, sannan abin da ya rage ya isa lagireto, da ɗumi kuma ba ƙarfi. A tuna lagireto yana aiki ne da tazarar zafin ruwa da na iska. Ruwa a digiri 95 da iska a 20, tazara 75 ce. A ranar Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, iska a 42, tazarar ta koma 53, kusan kashi 30 cikin 100 na sanyayawa ya tafi tun kafin intakula ya sa hannu. Kayan da suka wadatar a Jamus ko Japan ba lallai su wadatar a irin wannan rana ba.

Saboda haka ga tsarin da ya fi dacewa, daga mai araha zuwa mai tsada. A wanke tsakanin kwandensa da lagireto, daga baya zuwa gaba, da ruwa marar ƙarfi, domin ƙurar hunturu da ciyawa suna yin tabarma a wurin ba a gani. A mayar da robobin gefe da farantin ƙasa, in sun ɓata a yanka alminiyam mai kaurin milimita 1 a yi akwati daga bakin bamba har fuskar intakula, a toshe kowace tazara da soso mai jure zafi, har da tsakanin intakula da kwandensa da lagireto. Ba sai bakin bamba ya kai girman lagireto ba. Baki mai kusan kashi ɗaya cikin uku na fuskarsa, da akwatin da ke buɗewa a hankali, yakan fi ƙaton rami marar akwati, domin iskar tana rage gudu matsinta ya hau. Wannan adadi abin farawa ne, motar da ba ta gudu sosai tana iya buƙatar fiye da haka.

Sai a auna. Siririn tiyo mai haske, a lanƙwasa shi kamar harafin U, a zuba ruwa mai launi rabi, baki ɗaya a gaban jerin lagireto, ɗayan a bayansa, duka a kwance ba suna fuskantar iska ba. Wani ya tuƙa a gudu ɗaya, wani ya karanta. A gudun 100 duk abin da iska za ta iya bayarwa bai wuce santimita 4.7 na ruwa ba. In bambancin bai kai santimita 1 ba, da wuya iskar kirki tana ratsawa. In ya yi yawa amma zafi bai sauka ba, to a nan ne za a fara zargin lagireton kansa, ko ya toshe ta ciki ko ya yi ƙanƙanta.

Hujin bonet yana zuwa ne bayan wannan, kuma wurinsa ne komai. A bayan lagireto kaɗan, a kashin gaba na bonet inda iska ke lanƙwasawa da sauri, nan matsi ya fi ƙasa. A manna zaren ulu mai tsawon santimita 8 a jere a ga yadda iskar ke kwanciya, a auna da tiyon nan sama da ƙasan bonet, a huda inda bambancin ya fi. Ƙaramin leɓe a gaban hujin yana ƙara tsotsa. Ribarsa biyu, domin iskar da ta fita ta sama ba ta shiga ƙarƙashin mota ta ɗaga hancinta ba. Haka Porsche ta yi a GT3 RS ɗin nan: lagireto ɗaya a karkace a tsakiyar hanci inda da ake sa kaya, zafinsa na fita ta bonet, da ƙananan shinge a rufin mota da ke kore iskar zafin gefe kada injin da ke baya ya shaƙe ta. Sai dai ruwan sama zai shiga ta hujin, a duba kada ya sauka kan kwayil ko akwatin fis.

Babban lagireto shi ne na ƙarshe, ba don ba ya aiki ba. Mai faɗin fuska ya fi mai kauri, domin kauri yana ƙara wa iska wahalar ratsawa, kuma layin baya iska mai zafi yake samu. Wani lokaci ma maganin shi ne a rage tsayin intakula a bar wa saman lagireto iska mai sanyi.

Tambaya: In ɗaga bayan bonet da washa ɗaya ko biyu zafi ya fita?

Amsa: A tsaye zai fita. A guje kuwa gindin gilashin gaba wurin matsi ne mai yawa, iska ciki za ta shiga, ta rage wadda ke ratsa lagireto. Ka kuma lalata yadda bonet ke naɗewa a haɗari. Mayar da shi yadda yake.

Tambaya: Allurar zafi tana tsakiya, ke nan lafiya?

Amsa: Ba lallai ba. A motocin zamani da yawa an saita allurar ta zauna tsakiya a faɗin digiri masu yawa, sai abu ya ɓaci take motsi. Sayi na'urar OBD2, wadda ake sokawa a mota ta karanta kwamfutarta, ka ga lamba a wayarka. Kuma kwantar da hankalinka, digiri 95 zuwa 105 a injin da ake takawa ba ciwo ba ne, wasu motocin Turai ma da gangan suke aiki a wurin. Abin tsoro shi ne lambar da ke hawa ba ta tsayawa. Ta wuce 110 tana ci gaba, ɗaga ƙafa.

Tambaya: In haɗa fanka kai tsaye da makulli?

Amsa: Me ya sa? Bayan gudun kilomita 50 ko makamancin haka iskar hanya ta fi ta fanka, ba ta ƙara komai, sai cin batir da ƙona kanta. Zafi a cunkoso shi ne na fanka: a duba rile, da sensa, da rumfar da ke kewaye da ita. Fankar da ke bayan lagireto tana tsotsa ta fi wadda ke gaba tana turawa.

Tambaya: Murfin lagireto mai matsin ba 1.3 fa?

Amsa: Ba ya sanyaya komai, tafasa yake jinkirtawa. Ruwa zalla yana tafasa a kusan digiri 119 da murfin 0.9, a kusan 125 da na 1.3. A tsohon lagireto mai kan roba, ƙarin matsin nan ne zai fasa shi. Kuma don Allah kada a buɗe murfi injin na da zafi. Mutane suna ƙonewa a fuska da hannu kan wannan gangancin.

Tambaya: Zan sa faifan gaba, allon da ke danne hancin mota, a ƙarƙashin bamba, ba fiffike a baya. Akwai matsala?

Amsa: Akwai, kuma ta rai ce. Ka danne gaba ka bar baya da sauƙi, motar za ta juya da kai a kwana mai gudu. Audi TT ta farko da ta fito a 1998 sai da aka mayar da ita gareji bayan haɗurra a babban gudu, aka ƙara mata ɗan leɓe a kan but, aka gyara ƙafafunta. Kamfani ke nan mai injiniyoyi da ɗakin gwajin iska. Gaba da baya tare ake yinsu. Faifan kuma, ko na katako mai kaurin milimita 12 ne, ya fito santimita 5 zuwa 10, a ɗaure shi da ƙarfe a jikin shasi, ba a robar bamba ba. In ba zai ɗauki mutum a tsaye ba, bai ɗauru ba.

Tambaya: Kula, wato ƙaramin lagireto mai sanyaya baƙin mai, dole ne?

Amsa: Sai ka auna. Mai yana son digiri 90 zuwa 110. In yana wuce 125 yana zama a can, sa kula mai layi 13 zuwa 19, da tiyo mai girman AN10, da faranti mai tamostat a gindin filta, domin man da bai yi ɗumi ba ba ya korar ruwan da ke taruwa cikinsa. Ka ƙara man da kulan da tiyo suka shanye, yakan kai rabin lita, ka sake duba sanda bayan injin ya yi aiki. Ka nisanta tiyon da salansa da duk wani ƙarfe mai kaifi, ka ba kulan bakinsa na iska a gefen bamba maimakon ka ƙara shi cikin jerin da ke gaban lagireto.