Waiwaye: Yadda sigari ta shiga kantin magani, da yadda aka fitar da ita

Wani kawuna da ya daɗe a Bronx, cikin birnin New York, ya zo hutu Kumasi, muna zaune a ƙofar gida a Aboabo bayan la'asar, sai ya ce lokacin da ya isa Amurka abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne kantin magani. Ka shiga karɓar maganin hawan jini a can ƙurya, ka fito wajen biyan kuɗi ka tarar da kwalayen sigari jere a bayan mai karɓar kuɗin. Wani dattijo da ke wurin ya ce, "Alhaji, mai gina ramin da mai cike shi duk mutum ɗaya ne ke nan?"

Abin yana da asali. A ƙarni na 19 har zuwa farkon na 20, masu sayar da magani a Turai da Amurka suna sayar da wata sigari ta ganye ga masu ciwon asma, wai hayaƙinta yana buɗe ƙirji. A 1946 kamfanin da ke yin sigarin Camel ya fara talla yana cewa likitoci sun fi shan tasa. Sai a 1950 Richard Doll da Austin Bradford Hill suka fitar da bincikensu a Ingila da ya haɗa shan taba da sankarar huhu, sannan a 1964 babban likitan gwamnatin Amurka ya tabbatar da haka. Duk da haka kwalin bai bar kanta ba, domin yana kawo ciniki.

Lardin Ontario na Kanada ya hana sayar da sigari a kantin magani a 1994. A Amurka birnin San Francisco ne ya fara, a 2008. Wanda ya fi jan hankalin duniya shi ne kamfanin kantunan magani na CVS, mai rassa sama da 7,000, da ya daina da kansa a watan Satumba na 2014, yana sane da cewa zai rasa cinikin kusan dala biliyan 2 a shekara. Jihar New York, inda kawuna yake, sai a 2020 ta kafa tata dokar. Masu adawa sun yi ta cewa taba ba haramtacciyar haja ba ce a doka, kuma wanda aka hana a nan zai tsallaka titi ya saya a can. Akwai gaskiya a ciki, amma ni ban ga yadda wanda ya yi rantsuwar kare lafiyar mutane zai miƙa musu abin da ke kashe sama da mutum miliyan 7 duk shekara ba.

Mu a Ghana hanyarmu daban ce. An yi shekaru ana naɗa sigari a masana'antar Takoradi kafin a rufe ta a 2006. Ƙasar tana cikin waɗanda suka riga amincewa da yarjejeniyar yaƙi da taba ta Hukumar Lafiya ta Duniya, a 2004. Dokar lafiyar jama'a ta 2012, wato Act 851, ta hana sayar da taba a wuraren kiwon lafiya, ta hana tallarta, ta hana shanta a wuraren taruwar jama'a, ta kuma hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. Ƙa'idojin 2016 suka biyo baya, daga nan hotunan cututtuka suka hau kwali. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana, wato FDA, ce ke sa ido. Shi ya sa matashi a Asawase zai yi mamaki in aka ce masa akwai inda kemis ke sayar da sigari.

To amma ka fito daga kemis ɗin da dare ka dubi dama. Akwai mai tebur da fitilarsa, ga alewa, ga ashana, ga kwali a buɗe. Kara ɗaya ake saye, kuma mai sayen kara ɗaya ba ya ganin hoton da aka buga a kwalin. Na sha ganin babba ya miƙa wa yaro kuɗi ya ce, "Je ka karɓo min biyu," yaron ya dawo da su a dunƙule a hannu, yana shinshinawa. Ga shisha kuma da ta shigo wa samari da 'yan mata da ƙanshin tuffa.

Wannan ne ya dame ni. Mutanen Zango sun fi zuwa kemis fiye da asibiti. Tari in ya yi tsanani, wajen mai magani ake fara tsayawa kafin a yi maganar babban asibitin Komfo Anokye. Maƙwabcinmu direba ya yi wata uku yana sayen ruwan maganin tari kwalba bayan kwalba, yana fita yana kunna kara a bakin ƙofar kantin. Ba wanda ya taɓa tambayarsa ko yana sha, balle a ce masa akwai hanyar dainawa. Matarsa ce ta gaji, ta ja shi asibiti da kuka.